Yadda za ka ziyarci gidan da aka haifi Rafayel a Urbino

Duk wanda ya ce mini zai je gidan Rafayel, shahararren mai zanen nan, a garin Urbino na Italiya, abin da nake fara gaya masa shi ne kada ya tafi neman manyan zane-zanen mutumin, domin ba sa can. Wanda ake kira Makarantar Atina yana jikin bango a fadar Paparoma da ke Batikan. Maryamun nan mai yara biyu masu fukafukai a ƙasanta, waɗanda ake bugawa a jikin kofi da riga, tana birnin Dresden na Jamus. Hoton fuskarsa da ya zana da hannunsa yana Fulorans. Abin da ke Urbino gidan ubansa ne, gida mai hawa na jan bulo a gefen wani titi mai tsananin hawa, da shagon aiki a ƙasa, da ɗakunan kwana a sama, da rijiya a tsakar gida. A nan aka haife shi a 1483, a nan kuma ya fara riƙe burushi. In ka shiga da sanin haka, awa ɗaya da rabi za ta yi maka daɗi. In kuwa ka shiga kana jiran abin da zai sa ka riƙe baki, cikin minti goma sha biyar za ka fito kana ƙunƙuni a kan kuɗin tikitinka.

Italiyawa suna kiransa Raffaello Sanzio, sunan da za ka gani ke nan a allunan hanya, gidan kuma Casa Natale di Raffaello. Yana cikin manyan masu zane uku da ake ambata tare idan ana zancen zamanin Farfaɗowa a Italiya, wato lokacin da fasahar zane da gini ta bunƙasa a can, shi da Liyonado da Mikelanjelo, kuma shi ne ƙaraminsu. Bai yi tsawon rai ba. Ya rasu a Roma ranar 6 ga Afrilu 1520 yana da shekara 37, aka binne shi a cikin ginin Pantiyon.

Zuwa garin shi ne aiki na farko, domin Urbino ba ta da tashar jirgin ƙasa mai aiki. Tun 1987 aka rufe layin da ke zuwa can. Ka hau jirgin da ke bin gaɓar tekun Adiriyatik, wanda ke tafiya tsakanin Bolonya da Ankona, ka sauka a Pesaro. Tashar bas tana daf da tashar jirgin. Daga nan kilomita 35 ne ko kusa da haka, amma hanyar ta cikin tuddai ce, sai ka ƙiyasta awa guda. Ka sayi tikitin bas kafin ka hau, ka kuma buga shi a na'urar da ke cikin motar, domin a Italiya tikitin takarda da ba a buga ba daidai yake da babu idan mai dubawa ya shigo. Ranar Lahadi da ranakun hutu motocin suna raguwa sosai, don haka tun a Pesaro ka duba lokacin ta ƙarshe da za ta dawo da kai.

In da mota ka zo, kada ka kuskura ka kutsa cikin tsohon gari. Akwai alama mai jan zobe da haruffa uku, ZTL, a bakin ƙofofin, ma'ana ba a shiga da mota sai da izini. Kyamara ce ke tsaron wurin, ba ɗan sanda ba, ba kuma wanda zai tsayar da kai. Takardar tara ce za ta bi ka har gida bayan watanni, ta hannun kamfanin da ya ba ka hayar motar. Ka ajiye ta a Borgo Mercatale ko a Santa Lucia. Ni na fi son Mercatale, saboda da ka ɗaga kai sai ka ga fadar sarki da siraran hasumiyoyinta biyu a samanka, kuma kallon ya isa a yi tafiya dominsa. Amma wanda gwiwarsa ke ba shi matsala, irina a 'yan shekarun nan, Santa Lucia ta fi masa sauƙi, akwai lif da ke kai mutum sama zuwa bakin ganuwa.

Daga Mercatale za ka shiga ta ƙofar Valbona, ka bi titin Mazzini ka hau har dandalin da ake kira Piazza della Repubblica. Nan ne cibiyar gari, nan ɗaliban jami'a ke zama suna shan kofi. Jami'ar tun 1506 take, kuma lokacin karatu ɗalibai sun cika garin maƙil. Titin Raffaello daga wannan dandali ya tashi, gidan kuma shi ne lamba 57. Ka sa takalmi mai kama ƙasa. An shimfiɗa wa titin bulo da duwatsu, idan aka yi yayyafi santsi yake yi, hawan kuma ba na wasa ba ne.

Kafin ka fara hawan, ka leƙa cocin San Francesco da ke gindin titin. A ciki aka binne iyayensa biyu. Uwarsa, Magia, ta rasu a 1491 yana ɗan shekara takwas, ubansa Giovanni Santi kuma ya bi ta a 1494 yana da sha ɗaya. Ina son mutum ya san wannan kafin ya taka ƙofar gidan, domin yana sauya yadda zai kalli ɗakunan. Yaron da ya girma a cikinsu maraya ne gaba da baya tun bai balaga ba, ya zauna tsakanin matar uba da wani baffansa limamin coci wanda aka ba riƙonsa, su biyun kuma har gaban shari'a sun je a kan gado.

Shawarata ita ce ka fara da gidan da safe, ka bar fadar sarki sai bayan ka ci abinci. Dalili biyu ne. Na ɗaya, a lokacin sanyi gidan yakan rufe da wuri, saboda haka ka duba lokutansa a intanet kwana ɗaya kafin ka tashi. Na biyu ya fi muhimmanci a wurina: idan idonka ya fara ƙoshi da manyan zauruka da zinariyar fada, gidan mai zane zai zame maka abin raini. In ka bi ta ƙarami zuwa babba kuwa, ka bi sawun yaron ne, wanda daga wannan ƙofa yake fitowa ya gangara ya sake hawa zuwa fadar da ubansa ke yi wa aiki.

Kuɗin shiga 'yan Yuro kaɗan ne. Ka riƙe tsabar kuɗi a aljihu, ƙananan wurare irin wannan sun fi son haka. Ka kuma lura cewa gidan ba na gwamnati ba ne. Wata ƙungiya ce mai suna Accademia Raffaello ke da shi, wadda aka kafa a 1869, ta sayi gidan a 1873 da kuɗin da jama'a suka tara da kuma gudummawar wani Bature ɗan Ingila, John Morris Moore. Don haka tsarin nan na shiga gidajen tarihin gwamnati kyauta a Lahadin farko ta kowane wata, fadar ya shafa, ba nan ba. Babbar jaka ma ka bar ta a masauki. Matakalar gidan tsohuwa ce, ƙofofin kuma ba su da faɗi.

A hawa na ƙasa shagon Giovanni Santi yake. Yanzu akan yi nune-nunen wucin gadi a wurin, mutane da yawa kuma wucewa suke yi ba su waiwaya ba. Ka tsaya ka dubi girman ɗakin da yadda yake fuskantar titi. Mai zane a wancan zamani ɗan sana'a ne mai shago da yara, ana zuwa a yi ciniki da shi, a rubuta yarjejeniya a gaban magatakarda: girman allon kaza, mutum nawa za a zana, wane irin shuɗi za a sa, yaushe za a kawo. Coci da ƙungiyoyin addini da sarakuna su ne masu biya, shi ya sa kusan duk abin da za ka gani a gidan da fadar labarin addinin Kirista ne ko fuskar wani mai mulki. Ko ba addininka ba ne, aikin hannun kake kallo, kuma sanin wa ya biya yana bayyana maka dalilin da ya sa aka zana abin da aka zana.

Shi Giovanni ba ƙaramin mutum ba ne a garin. Mai zanen fada ne, marubuci kuma. Ya tsara tarihin sarkin Urbino, Federico da Montefeltro, a waƙe, baiti sama da dubu ashirin, a ciki har ya jero sunayen gwanayen zane na zamaninsa, na Italiya da na ƙasashen arewa. A 1469, da babban mai zane Piero della Francesca ya zo Urbino a kan maganar wani aiki, Giovanni ne ya sauke shi. Hausawa sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, sai dai a nan ɗan ya tsere wa uban har an kusa manta da shi, ni kuma ina ganin ba a yi wa uban adalci ba. A babban ɗaki na hawan sama, mai rufin katako da murhu, akwai zanensa na mala'ika yana yi wa Maryamu albishir. Ka daɗe a gabansa. Jikin mutanen ya ɗan sandare, tufafinsu kamar an sassaƙa, amma dubi natsuwar fuskokin, dubi yadda ya buɗe sarari a bayansu har ido ya tafi nesa. Wannan natsuwar ce za ka tarar a aikin ɗan, bayan ya sa mata rai.

Wurin da na fi daɗewa a gidan shi ne tsakar gida. Ƙarama ce, ga rijiya, ga wurin wanki, ga kuma dutsen da ake cewa a kansa ake niƙa launi. Ba shi da wani kyan gani, amma duk sana'ar daga kansa take farawa. Babu fenti na kwalba ko na gwangwani a lokacin. Ƙasa ce ja da rawaya, da gawayi, da ma'adinai, ake sayowa gari-gari ko dunƙule-dunƙule, yaron shago ya zuba a kan dutse, ya ɗiga ruwa, ya yi ta murzawa da ɗan dutse awa da awanni, kamar mai niƙan kwalli, har sai ya yi laushin da ba a jin tsakuwa ko ɗaya a tsakanin yatsu. Kowane launi da iyakar niƙansa. Akwai shuɗin da in aka wuce gona da iri sai ya koɗe ya zama fari-fari. Shuɗi mafi tsada kuwa daga wani dutse ake fitar da shi wanda ake haƙowa a tsaunukan Badakshan na Afganistan, ya ratso ƙasashe ya shigo ta tashar Benis. Saboda tsadarsa akan keɓe shi ga mayafin Maryamu, kuma mai ba da aiki yakan sa a rubuta shi a yarjejeniya don kada a musanya masa da mai araha.

Bayan niƙa sai kwaɓi. Tsohuwar hanya da kwanduwar ƙwai ake yi, tana bushewa nan da nan, dole mai zane ya riƙa jan siraran layuka ɗaya bisa ɗaya. Sabuwar hanyar da ta shigo daga arewacin Turai da mai ake kwaɓawa, yana jinkirin bushewa, sai ya ba mutum damar saje launi da launi har inuwar kunci ta narke cikin haske. Rafayel ya taso daidai lokacin da shagunan Italiya ke komawa daga ƙwai zuwa mai. Allon ma aiki ne: katako ne, a shafa masa gam na fata da farin alli hawa-hawa, a kankare shi har ya yi sulɓi. Yaro yakan yi shekaru yana wannan kafin maigida ya bar shi ya taɓa ko gefen riga a zane. Ka tuna da duk wannan kana tsaye a tsakar gidan, sannan ka tuna cewa a watan Disamba na 1500, yana ɗan shekara 17, an riga an rubuta sunan Rafayel a matsayin cikakken maigida a yarjejeniyar wani allon coci na garin Città di Castello, tare da Evangelista da Pian di Meleto, wanda tsohon ma'aikacin shagon ubansa ne. Shagon bai mutu da mutuwar uban ba ke nan.

Kusa da babban ɗakin akwai wani ƙarami, wanda ake cewa a cikinsa aka haife shi. A bangonsa abin da ya kawo yawancin mutane yake: zanen wata mace a zaune ta ba da gefen fuska, tana karanta littafi a kan ɗan teburin karatu, jariri yana barci a jikinta. Tsayin zanen kusan mita ɗaya ne. Masana sun rabu a kansa. Wasu sun ce aikin Rafayel ne yana ɗan shekara sha biyar, wajajen 1498. Wasu sun ce na uban ne. Mutanen gari kuma suna da nasu labarin, cewa Magia ce da jaririnta, mijinta ya zana su. Ni na fi karkata ga cewa na ɗan ne, saboda laushin wuyan matar da yadda nauyin yaron ya sauka a jikinta da gaske, abin da ban gani ba a zanen uban da ke ɗakin gaba. Amfanin ƙaramin gida ke nan: taku goma ne tsakanin zanen biyu. Ka je ka dawo, ka sake komawa, ka yanke naka hukuncin. A manyan gidajen tarihi turereniya ba ta barin mutum ya yi haka.

Zanen a jikin ɗanyen yaɓe aka yi shi. Ana shafa yaɓen farar ƙasa daidai inda za a iya gamawa a yini guda, a sa launi da ruwa kawai tun yaɓen bai bushe ba, idan ya bushe sai ya riƙe launin ya zama jikin bango. Babu gogewa, babu gyara, in ka ɓata sai dai ka fasa wurin ka sake yaɓawa. Ka tsaya a gefe, ka kalli bangon ta inda haske ke shafarsa a karkace, za ka ga fuskar yaɓen da tabon shekaru. Kada ka kunna fitilar kyamara, kada kuma ka kai hannu. Ni kan tafi da ɗan littafi da fensir, in gwada kwaikwayon layin goshi zuwa haɓa. Ko ba ka iya zane ba ka gwada. Hannu yana tilasta wa ido ya ga abin da da ya tsallake, kuma minti goma na wannan ya fi hoto talatin a waya.

Sauran abubuwan da ke rataye a gidan suna buƙatar ka karanta ɗan rubutun da ke gefensu, domin da yawa ba na Rafayel ba ne. In ka ga copia, kwafi ne. Akwai kwafin wasu sanannun ayyukansa da aka yi a ƙarni na 19. In ka ga attribuito, ana jingina masa ne ba tare da tabbaci ba. Bottega na nufin yaran shago ne suka yi, scuola kuma mabiya salonsa. Kada ka raina kwafin. Kafin a ƙirƙiro kyamara, ta hanyarsu da hotunan ɗab'i duniya ta san shi, kuma ɗaliban zane a Turai sun shafe ƙarnoni uku suna koyon hannu da kwaikwayonsa. Kayan ɗakin ma, akwatuna da kujeru da tukwanen madafa, galibi an tattaro su ne daga baya don su nuna yanayin gidan mai rufin asiri na wancan lokaci. Gidan ya sauya hannu. A 1635 wani masanin gini ɗan garin, Muzio Oddi, ya saye shi ya yi masa gyara, shi ne ya sa rubutun Latin da ke jikin bangon waje.

A cikin kayan ƙungiyar da ke da gidan akwai wani abu da wasu ba sa son kallo: siffar ƙoƙon kansa da aka zuba da farin alli. A 1833 aka buɗe kabarinsa a Pantiyon don a tabbatar yana ciki, aka ɗauki siffar ƙashin. A 2020, shekarar cikarsa 500 da rasuwa, masu bincike na jami'ar Tor Vergata da ke Roma suka yi amfani da wannan siffa suka fitar da kamannin fuskarsa a kwamfuta. Ni dai nakan kalla in wuce. Sauran hawan saman, da hotunan girmamawa da lambobi da tangaran masu ado, ya fi ba da labarin yadda mutanen ƙarni na 19 suka ɗaukaka shi, minti goma ya isa.

Idan ka fito, in da sauran ƙarfi a ƙafarka, ka ƙarasa hawan titin har ƙarshe. A can saman akwai mutum-mutuminsa na tagulla da aka yi a 1897, kuma daga nan ba nisa zuwa filin da ke gaban ganuwar Albornoz, inda ake ganin garin gaba ɗaya, fada da babban coci da jajayen rufi, da tuddai a baya layi-layi suna komawa shuɗi. Masu zanen wannan yanki ba ƙirƙirar bayan hotunansu suka yi ba, ga shi nan a gabanka.

Game da abinci, abin da kowa zai nuna maka shi ne crescia sfogliata, wata gurasa mai ninki-ninki da ake cusa wa ganye ko cuku ko nama. Wanda ba ya cin alade ya sani cewa da kitsen alade ake murza ƙullin, ko da abin da aka cusa ganye ne zalla. Kalmar da za ka tambaya ita ce strutto. Cukun garin kuwa, casciotta, na nonon tumaki da na shanu ne, an ce Mikelanjelo ma yana sonsa ƙwarai.

Sai fada. Kada ka sa ziyararka ranar Litinin, domin ita ce ranar da gidajen tarihin gwamnati a Italiya suka saba rufewa. Federico ne ya gina fadar, sarki kuma sojan haya, wanda ya tara dukiya da yi wa wasu yaƙi, ya kashe ta a kan gini da littattafai da masu zane. Ya rasa idonsa na dama a wasan mashi, shi ya sa kullum ta gefen hagu ake zana shi. Ya rasu a 1482, shekara guda kafin a haifi Rafayel, don haka a zamanin ɗansa Guidobaldo yaron ya tashi. Yanzu fadar ita ce gidan zane na yankin Marche, tana da zauruka da yawa, kuma in ka ce sai ka ga komai za ka gaji ka daina gani. Abu huɗu nake nema in na shiga. Akwai ɗan ɗakin karatun sarki, wanda aka lulluɓe bangonsa da gutsattsarin katako masu launi daban-daban, aka jera su har ka rantse akwai kabad a buɗe da littattafai da kayan kiɗa a ciki, alhali bango ne sumul. Akwai ƙaramin allon Piero della Francesca na bulalar da aka yi wa Almasihu, wanda lissafin nisa da kusa a cikinsa ya sa masana suka yi ta aunawa da ma'auni. Akwai zanen birnin da babu kowa a cikinsa, mai zagayayyen gini a tsakiya. Waɗannan su ne makarantar idon yaron. Tsarin gine-ginen da ke cikin Makarantar Atina daga irin wannan tarbiyya ya fito.

Na huɗu shi ne Rafayel na gaske: matar da ake kira La Muta, wato bebiya, wadda ya zana wajajen 1507 lokacin zamansa a Fulorans. Tana zaune a gaban duhu, ta ɗora hannu bisa hannu, yatsa ɗaya ya ɗan miƙe, leɓenta a rufe gam. Ka dubi hannayen fiye da fuskar, da zobban, da inuwar da siririyar sarƙar wuyanta ta jefa a kan fata. Sannan ka tuno matar bangon da ka gani da safe. Shekara tara ko goma ne tsakaninsu, a ciki ya yi aiki a inuwar mai zane Perugino har ya ƙware da salonsa, ya je Fulorans a 1504 ya ga abin da Liyonado ke yi da inuwa. Shekara guda bayan wannan zane ya tafi Roma wajen Paparoma Julius na Biyu, inda wani ɗan yankinsu, magini Bramante, ke riƙe da aikin sabon cocin San Pietro. Da Bramante ya rasu a 1514, Rafayel aka ba aikin.

Bebiyar nan ba a Urbino ta zauna ba tun asali, daga Fulorans aka kawo ta a 1927 don garin haihuwarsa ya samu wani abu nasa. Dalilin wannan talauci kuwa tarihi ne. Da gidan sarautar ya ƙare babu magaji namiji, ƙasar ta koma hannun Paparoma a 1631, manyan zane-zanen fada suka bi jikar sarki na ƙarshe, Vittoria della Rovere, zuwa gidan aurenta a Fulorans, ɗakin littattafan Federico kuma aka kwashe shi zuwa Batikan a 1657. Ko abin da ya rage bai tsira ba: a watan Fabrairu na 1975 ɓarayi suka shiga fadar da dare suka ɗauke bebiyar tare da zanen Piero guda biyu, sai a shekarar da ta biyo aka gano su a Locarno ta ƙasar Suwizalan. Saboda haka in ƙararrawa ta yi kuka don ka matsa kusa, ka ja da baya kawai, kada ka ji haushin mai gadi.

In lokaci ya rage maka kafin bas, ka gangara zuwa ɗan ƙaramin ɗakin ibada na San Giovanni. 'Yan'uwa biyu, Lorenzo da Jacopo Salimbeni, sun cika bangonsa da zane a 1416, cunkus da mutane da dawakai da karnuka da yara masu rigima, launi kamar jiya aka sa. Tsohon salo ne, na kafin a fara lissafin nisa da kusa, kuma yana nan a bango tun kafin a haifi uban Rafayel, 'yan mintuna daga ƙofar gidansu. Shi ma yakan rufe da tsakar rana ya sake buɗewa da yamma, ka tambayi lokacin tun da safe. Daga nan gangara ce zalla zuwa Mercatale, amma ka tabbatar a wace tasha bas ɗinka na Pesaro zai tsaya, ta Mercatale ko ta Santa Lucia, domin tsakaninsu akwai tudu guda cur.